Ƙaramin akwatin da ke ɗaga muryar jita

Fedar ƙara sauti ɗan akwati ne da makaɗin jitar lantarki ke ajiyewa a gaban ƙafarsa, tsakanin jita da amfilifaya. Da ya taka ta, siginar jitar ta ƙaru, muryar ta fito sama da ganguna. Kamfanin Electro-Harmonix ya fitar da irinta, LPB-1, tun 1968. Amfaninta ya fi bayyana a lokacin rangadi. Makaɗin da ya taso daga Agadez ko Yamai zuwa Turai ba kasafai yake ɗaukar amfilifaya a jirgi ba; wadda ya tarar a zaure ita zai yi aiki da ita, yau Fender, gobe Vox, kowace da halinta. Wajen sanya fedar ne ake yawan kuskure. Idan amfilifayar mai kwalaben wuta ta riga ta cika, taka fedar ba ya ƙara amo, sai dai sautin ya yi kauri ya dishe. Mai son kiɗansa na shi kaɗai ya ɗaga sai ya sa ta bayan fedar gurza sauti, ya kuma bar wa amfilifayar sarari. Idan rangadin ya haɗa da Amurka, wutar can bolt 120 ce, ta Turai 230, don haka batirin bolt 9 na ajiya a jaka domin fedar wajibi ne. Kada makaɗi ya hau dandali bai taka fedar gaban injiniyan sauti ba a lokacin gwaji.