Gani Bai Kori Ji Ba A Garin Shakespeare

Ina neman afuwa tun da fari, domin yau zan taɓa abin da wasu ba za su ji daɗinsa ba. A taron ƙungiyarmu da ya wuce wani bawan Allah, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, ya nuna mana hotunan da ya ɗauko a Stratford, mahaifar William Shakespeare: ga shi tsaye a ƙofar gida, ga shi a bakin kogi, ga shi a gaban kabari. Da ya gama sai ya rufe jawabinsa da cewa wai duk wanda bai taka garin nan ba bai san Shakespeare ba, domin gani ya kori ji. Aka yi ta tafi. Ni dai ban tafa ba, kuma ga dalilina.

Kada wani ya ce baƙin ciki nake yi don ban je ba. Na je, da ƙafata. Sa'ad da na yi ɗan zama a Bamingam na shiga jirgin ƙasa wata Asabar da hantsi, kafin awa guda na sauka a Stratford. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, garin yana da kyau. Tsohon garin kasuwa ne a bakin kogin Avon, tun 1196 aka ba shi iznin cin kasuwa mako-mako, har yau kuwa sunayen titunansa na nuna haka, akwai layin tumaki, akwai layin itace, akwai filin da a da ake cin karar shanu. Akwai tsohuwar gadar dutse da wani attajirin garin mai suna Hugh Clopton ya gina a ƙarshen ƙarni na 15, ga motoci na bi ta kanta har yanzu. Ga gidaje masu farin bango da baƙaƙen katakai, ga manyan fararen agwagi masu dogon wuya suna ta shawagi a ruwa. Wanda duk ya ce wurin bai burge shi ba, ƙarya yake yi. Amma burgewa daban, sani daban, kuma a nan ne muka raba hanya da mai jawabinmu.

Bari mu bi gidajen da ake kallo ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne gidan da ke kan titin Henley, inda aka ce a nan aka haife shi a 1564. Ubansa John baduku ne mai ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma taɓa cinikin gashin tumaki, har ya zama shugaban majalisar gari a 1568. Kun san ɗaya daga cikin shaidun farko da ke nuna a titin nan ya zauna? Tarar sule 1 da aka ci shi a 1552 saboda ya tara juji a bakin hanya. Ranar haihuwar ɗan kuwa babu wanda ya rubuta ta, abin da ke cikin littafin coci shi ne an yi masa baftisma ran 26 ga Afrilu. Ɗakin da aka haife shi ma, hasashe ne kawai. Bayan zamaninsa wani ɓangaren gidan ya zama masaukin baƙi da mashaya, wani ya zama shagon mahauta. A 1847 aka yi gwanjonsa, wani kwamiti ya saye shi fam 3,000, sannan tsakanin 1857 da 1864 aka rushe gidajen da ke manne da shi, aka sāke masa fuska bisa wani tsohon zane. Ina cikin ɗakin sama wata baiwar Allah ta tambayi ma'aikacin wurin ko a kan gadon nan aka haife shi. Mutumin ya faɗa mata gaskiya, ya ce a'a, an dai shirya ɗakin ne yadda ɗakunan wancan zamani suke. Ta ce to, ta ɗauki hoton gadon duk da haka.

Na biyu shi ne babban gidan da ya saya da kuɗinsa a 1597, wanda ake kira New Place, inda ya ƙare rayuwarsa a 1616. In ka je za ka tarar da lambu mai kyau, amma babu gida. An sāke gininsa tun a 1702, sannan ya faɗa hannun wani limamin coci, Francis Gastrell. Masu zuwa kallon wata bishiya da aka ce Shakespeare ne ya dasa ta suka dame shi, ya sa gatari ya sare ta a 1756, bayan nan rigimar haraji ta haɗa shi da hukumar gari, ya rushe gidan baki ɗaya a 1759. Wani mai gyaran agogo ya sayi gungumen, aka yi ta sassaƙa ƙananan kayan tsaraba ana sayarwa shekara da shekaru, har mutane suka fara mamakin yadda bishiya ɗaya tak ta haifi wannan ɗimbin kaya.

Na uku ya fi ban dariya. A ƙauyen Wilmcote, kusa da garin, akwai gidan gona da aka daɗe ana nuna wa baƙi a matsayin gidan su Mary Arden, mahaifiyar Shakespeare. An saye shi a 1930 don a adana. Jama'a suka yi ta zuwa daga uwa duniya, suna shafa bango, suna jinjina kai, suna cewa lallai a nan uwar gwani ta yi rarrafe. Sai a shekara ta 2000 bincike ya nuna ashe gidan maƙwabcinsu ne, Adam Palmer, gidan su Mary kuwa shi ne wani ƙarami da ke gefe. Shekara 70 cur ana yi wa rogo kallon kitse. To, ina tambayar mai jawabinmu: waɗanda suka je kafin 2000 suka dawo suna cewa sun gani da idonsu, me suka gani?

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. A 1769 shahararren ɗan wasan nan David Garrick ya shirya gagarumin biki na kwana 3 a Stratford don girmama Shakespeare. Manya suka zo daga Landan, aka yi kaɗe-kaɗe da raye-raye da liyafa, ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya har kogin ya yi ambaliya. A cikin kwanakin nan kaf ba a nuna wasan Shakespeare ko ɗaya ba. Daga wannan biki ne kasuwar baƙi ta garin ta buɗe. A 1786 John Adams da Thomas Jefferson, waɗanda daga baya kowannensu ya shugabanci Amurka, suka ziyarci gidan, aka nuna musu wata kujera da aka ce tasa ce, suka ɓantari ɗan guntu bisa al'adar baƙi. A tagar ɗakin sama kuwa har yau ana ganin inda manyan marubuta irin su Walter Scott da Thomas Carlyle suka karce sunayensu a jikin gilashi. Wato tun fil azal abin da maziyarci ke nema shi ne shaidar cewa ya zo. Jiya guntun kujera, yau hoto a waya.

Daɗin daɗawa, shi kansa garin bai riƙi sana'ar ɗansa da hannu biyu ba lokacin da yake raye. A Landan ya yi suna, a can ƙungiyarsu ta gina gidan wasa na Globe a 1599, a can mutane suka ji muryar Hamlet da Othello. A Stratford kuwa, majalisar gari ta hana yin wasan kwaikwayo a zaurenta a 1602, ta sa tarar sule 10, a 1612 ta ɗaga tarar zuwa fam 10. A 1622, shekara 6 bayan mutuwarsa, 'yan ƙungiyarsa suka zo garin, aka ba su sule 6 don kada su yi wasa. Yau jikokin masu hanawa ne ke cin abinci da sunansa, fuskarsa na jikin kofin shayi da riga da gwangwanin biskit.

To, in ba gidaje ne suka riƙe mana Shakespeare ba, me ya riƙe shi? Mutum biyu ne, John Heminges da Henry Condell, abokan wasansa, waɗanda ya bar wa kowannensu sule 26 da kobo 8 a wasiyyarsa don su sayi zoben tunawa da shi. Su ne suka bi takardun ƙungiya, suka tattara, suka shirya, aka buga babban kundi a Landan a 1623 mai ɗauke da wasanni 36. Daga ciki 18 ba a taɓa buga su ba kafin nan, kuma babu rubutun hannu na ko ɗaya daga cikinsu da ya tsira zuwa yau. A cikin 18 ɗin nan akwai Macbeth da Julius Caesar, waɗanda da yawanmu muka sha wuya a kansu a sakandare. Akwai Twelfth Night, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Da mutanen nan biyu sun yi sakaci, da babu abin da zai fassara. In kana son ka ga abin da ke samun wasan da ba a sa cikin kundi ba, ka nemi Cardenio, wanda aka nuna a fadar sarki a 1613. Sunansa kaɗai ya rage. Dutsen tunawa da Heminges da Condell yana wani ɗan lambu a tsakiyar Landan, an kafa shi a 1896, ba a layi a wurin, ba a sayar da kofin shayi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zuwa da kai ya fi saƙo, ganin kasuwa da kogi da makarantar da ake kyautata zaton a nan ya koyi Latin yana buɗe wa mai karatu ido. Na yarda. Wanda ya karanta wasannin, ya lura da yadda maganar fata da tumaki da furannin daji ke yawan fitowa a cikinsu, in ya tsaya a shagon baduku a titin Henley zai ƙaru. Amma sai wanda ya karanta. Ga wanda bai karanta ba, tsohon gida ne kawai mai gajeren rufi, kuma Ingila cike take da irinsa. Za a kuma ce kuɗin baƙi ne ke riƙe gidajen da ɗakin adana takardu da manazarta ke amfani da shi. Wannan ma gaskiya ne, kuma masu wannan aiki sun cancanci yabo, su ne ma suka fito suka karɓi gyara a kan gidan su Mary Arden. Rigimata da mu ce, masu zuwa mu dawo muna hura hanci.

Ba na tsame kaina. A bakin kogin akwai gidan wasa, na farko an buɗe shi a 1879, ya ƙone a 1926, aka buɗe sabo a 1932, kuma a nan ne za ka ji maganar mutumin da kunnenka. Ran da na je, ƙafafuna suka gaji da zagaye, na tsaya a gaban kabarinsa a cocin Holy Trinity, na sayi kofin shayi mai fuskarsa, na yi sauri na kama jirgin yamma. Ban shiga gidan wasan ba. Manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ma da na gani duk sun watse kafin lokacin wasan dare. Ina zaune cikin jirgi na tambayi kaina, yau wace magana guda na ƙaru da ita daga bakin Shakespeare? Na laluba, babu. Na wuni a garinsa ban gana da shi ba. Wanda ya zauna a ɗakin karatunmu da tsohon kwafi mai yagaggen bango ya fi ni saninsa a ranar nan nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ta biyo bayan tafin, inda wasu suka ce mu ma mu nemi a yi wa marubutanmu irin wannan gata, a gyara gidajensu, a sa allo a ƙofa. Madalla, ba na ƙi. Amma mu lura da yadda abin ya jeru a can: kundi a 1623, biki a 1769, sayen gida a 1847. Shekara 224 ke tsakanin kundi da gida, kuma don kundin ya rayu ne aka damu da gidan. Mu ma muna da masu irin aikin Heminges da Condell, kamar Ɗandatti Abdulƙadir da ya tattara waƙoƙin Sa'adu Zungur aka buga a 1974. Sauran fa? Takardun ajami nawa ke cikin adaka gara na ci, kaset nawa ke narkewa a kwali, tsofaffi nawa ke riƙe da baitocin da babu wanda ya rubuta? Gida in ya rushe ana iya sāke gina shi bisa zane, Turawa sun yi mun gani. Magana in ta ɓace sai dai a yi ihu bayan hari.

Saboda haka ga shawarata. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Stratford, ya je, amma ya karanta wasa ko da guda ɗaya ne kafin ya hau jirgi, ya kuma kwana ya shiga gidan wasa. In ya dawo zai nuna mana hotuna, mu tambaye shi wane wasa ya karanta kafin mu tafa masa. Wanda bai samu zuwa ba kada ya ji ya kasa, ya nufi ɗakin karatu. In hutu ya zo kuwa, kowannenmu ya tambayi tsofaffin gidansu abin da ke cikin adakarsu, ya zo mana da shi. Kofin shayina yana nan a kan tebur, mai son gani ya zo ya gani, amma ba zai ji komai daga gare shi ba.