A Bar Ƙaramin Ma'aikaci Ya Yi Magana a Ɗakin Fiɗa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da muka saba ji duk sa'ad da aka shiga da mutum ɗakin fiɗa da ransa aka fito da gawa, watau "kwana ne ya ƙare." Dangi su yi haƙuri, likita ya wanke hannu, a rufe fayil, shi ke nan. Mu ba mu ja da ƙaddara, kuma mun san akwai ciwon da ya fi ƙarfin kowane likita. Waɗanda muke ja da su, su ne masu fakewa da ƙaddara don kada a tambaye su abin da ya faru a bayan ƙofar nan da aka hana dangi shiga. Sau da yawa akwai wanda ya hango kuskuren tun bai auku ba, yana tsaye a cikin ɗakin, amma tsoron na gaba ya ɗaure masa baki.

Fiɗa aikin gayya ne. Akwai likita mai riƙe da wuƙa, akwai mai ba da maganin barci wanda numfashin majinyaci ke hannunsa, akwai nas mai miƙa kayan aiki da ƙidaya su, akwai mai dafa kayan don kashe ƙwayoyin cuta, akwai ma'aikacin ɗakin gwaji da ya tantance jinin da za a ƙara. In ɗaya daga cikinsu ya yi sake, gwanintar sauran ta tashi a banza. Amma yadda aka tsara asibitocinmu, sai ka ce fada: babban likita shi ne sarki, ƙananan likitoci fadawa, nas kuwa aikinta ta ce "to, ranka ya daɗe." An koya mana tun muna yara cewa ƙarami ba ya gyara wa babba magana, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. A kan gadon fiɗa kuwa, kunyar da ta hana nas cewa "ba wannan ƙafar ba ce" ta zama makami.

Kada a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A shekarar 2005, a Ingila, an kai wata mata mai 'ya'ya biyu asibiti don wani ƙaramin aiki a hanci. Da aka sa ta barci sai numfashi ya gagara. Ƙwararrun likitoci suka duƙufa suna ta ƙoƙarin zura mata bututu ta baki, lokaci yana tafiya ba su ankara ba. Ma'aikatan jinya sun gane halin da ake ciki, har ɗaya ta kawo kayan huda maƙogwaro, wata kuma ta nemo gado a sashen kulawa ta musamman, amma ba wanda ya saurare su. Ƙwaƙwalwar matar ta lalace saboda rashin iska, ta rasu bayan kwana 13. Kayan aiki ba su yi ƙaranci a ɗakin nan ba, ilmi ma haka. Mijinta matuƙin jirgin sama ne, shi ya tashi tsaye yana tambayar abin da ya sa ake horar da ma'aikatan jirgi su tanka wa kyaftin in ya yi kuskure, amma ba a horar da ma'aikatan asibiti haka.

To, akwai magani? Akwai, kuma ba mai tsada ba ne. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19, wadda wani likitan fiɗa na Amurka, Atul Gawande, ya jagoranci tsara ta. Sau uku ake tsayawa a karanta ta da ƙarfi. Kafin a sa barci, a tabbatar da sunan majinyaci, da aikin da za a yi, da wurin da za a yanka, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tabbatar an yi allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fita da shi, a ƙidaya almakashi da allurai da ƙyallayen tsane jini, don kada a ɗinke ciki da wani abu a ciki. An gwada takardar a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, har da wani asibitin karkara a Ifakara ta ƙasar Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin da ke biyo bayan fiɗa kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Ku lura da wurin nan da aka ce kowa ya faɗi sunansa. Hikimarsa ita ce, wanda aka ba dama ya buɗe baki sau ɗaya a gaban manya, zai fi samun ƙarfin halin buɗe shi karo na biyu in ya ga abin tsoro. Wannan shi ne ran takardar. Shi ya sa da lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ya wajabta ta, binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani canji na a zo a gani ba. Takardar da nas za ta cike ita kaɗai a lungu, bayan an gama aiki, don gudun faɗan ofis, ba ta ceton kowa.

Mun san abin da za a ce mana: ku yara ne, ba ku san asibitocinmu ba, babu wuta, babu jini, likita ɗaya yana aikin mutum goma. Gaskiya ne, kuma alhakin wannan yana wuyan gwamnatocin da suka bar asibitoci suka lalace. Amma wannan hujja a kan masu ita take komawa. Inda hannu ya yi kaɗan, nan ne ba a da halin yin watsi da idon kowa. Binciken da aka buga a 2018, wanda ya bi majinyata fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ya gano cewa majinyacinmu ya fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, amma haɗarin mutuwarsa bayan fiɗa ya ninka nasu sau biyu. Mafi yawan waɗanda suka mutu kuwa, a kwanakin da suka biyo bayan aikin suka mutu, suna kwance a ɗakin jinya. Wa ke tare da majinyaci da tsakar dare sa'ad da jininsa ke sauka? Nas ce, da ƙaramin likita. In suna tsoron tashin maigida daga barci don kada ya zage su, to gari zai waye da makoki.

Bugu da ƙari, ga gabar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗaɗɗiyar ƙungiyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU a kan albashi da shugabancin asibiti. A 2018 JOHESU ta yi yajin aiki na kusan mako shida, likitoci kuma suna nasu lokaci lokaci. Kowa yana da ikon neman haƙƙinsa. Amma mutanen da suka yini suna jifan juna da baƙaƙen maganganu a jarida, yaya za su haɗa kai a kan cikin mace mai naƙuda? Talaka ne ke biyan kuɗin wannan gaba, shi da ba shi da halin zuwa Masar ko Indiya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya da su wajabta karanta takardar nan da baki a kowace fiɗa, babban likita kuma shi zai fara. A rubuta a doka cewa duk ma'aikacin da ya ce a dakata saboda ya ga haɗari, ba za a hukunta shi ba ko da ya zamana bai yi daidai ba. A riƙa zama bayan kowace mutuwa a binciki sanadinta, a kuma gaya wa dangi gaskiya. A jami'o'inmu kuma a haɗa ɗaliban likitanci da na jinya da na haɗa magunguna a wasu darussa, su saba da muryar juna tun kafin girman kai ya yi saiwa.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke karatun likita, gobe ku ne manya. Ranar da wata nas ta ce muku "likita, ƙyalle ɗaya bai cika ba," ku tsaya a nema, ku kuma gode mata a gaban kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ke kwance a gadon nan ba ya ji, ba ya gani, ba ya iya kare kansa, kuma wata rana uwar ɗayanmu ce. Allah ya sa mu gane.