Muhimmancin Bitar Kurakurai Bayan Jarrabawar Gwaji

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar Hukumar JAMB ta buɗe rajista, kasuwar littattafan tsofaffin tambayoyi kan buɗe a garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan, kamar yadda take buɗewa a sauran sassan ƙasar nan. Ɗalibin da ke burin shiga Jami'ar Ahmadu Bello ko wata kwalejin ilimi zai sayi kundi guda, ya amsa tambayoyin wata shekara, ya duba amsoshin da ke bayan littafin, ya ƙirga makinsa, sannan ya tsallaka zuwa shekarar da ke biye. Idan makin ya yi sama ya yi murna, idan ya yi ƙasa ya ce gobe ma rana ce. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɗalibin da ya tsaya a nan ya yi rabin aiki ne kawai, domin amfanin jarrabawar gwaji yana cikin bitar da ake yi bayanta. Wajibi ne malami mai jiran gado ya fahimci haka tun yana kwaleji.

Yanayin Jarrabawar

An kafa Hukumar JAMB a 1978. A 2010 ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta shiga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi ta zama guda ɗaya, wato UTME, sannan daga 2015 aka koma yin ta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Ɗalibi kan ɗauki darussa huɗu: tambaya 60 a Ingilishi, da 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, jimla 180 cikin awa biyu, a kan maki 400. Ke nan kowace tambaya tana da sakan 40 kacal. Alƙaluman farko da hukumar ta fitar a 2025 sun nuna cewa daga cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Babu shakka da yawa daga cikin waɗannan yara sun amsa tsofaffin tambayoyi. Abin tambaya shi ne, me suka yi da kurakuransu?

Matsayin Kuskure a Koyo

A 1967 masanin ilimin harshe S. P. Corder ya jawo hankalin malamai kan cewa kuskuren mai koyo shaida ce da ke nuna inda ya kai a koyonsa. Ya kuma bambanta kuskuren da ke fitowa daga rashin sanin ƙa'ida da wanda ke fitowa daga tuntuɓe ko gajiya, wanda mai shi zai iya gyarawa da kansa idan aka nuna masa. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai a nan. Yara biyu na iya faɗuwa tambaya ɗaya, amma maganin da kowannensu yake buƙata daban ne. Manomin tumatir a Ikara da ya ga ganye na bushewa ba ya sake shuka kafin ya duba ko ƙishirwa ce, ko tsutsa, ko rashin taki. Haka ya kamata ɗalibi ya yi da takardarsa.

Matakan Bita

Mataki na farko shi ne a yi gwajin cikin yanayin jarrabawa na gaske: awa biyu cur, ba littafi, ba tambayar aboki. Yayin amsawa, ɗalibi ya riƙa sa alama a gefen duk tambayar da ya yi canki a kanta. Da yake zaɓin amsa huɗu ne, mai canki zai iya dacewa da ɗaya cikin huɗu ba tare da ya san komai ba. Saboda haka amsar da aka ci da sa'a, a wurin bita, sai a lissafa ta cikin waɗanda aka faɗi.

Mataki na biyu shi ne karkasa kurakuran. Akwai na rashin sani, kamar ɗalibin Hausa da bai san bambancin tsayayyen suna da sifa ba, ko bai san yadda karin sauti da tsawon wasali ke raba ma'anar kalmomi masu rubutu iri ɗaya ba. Akwai na rashin fahimtar tambaya, wanda ya fi addabar yaran karkara saboda raunin Ingilishi: an nemi kishiyar kalma, yaro ya zaɓi mai kama da ita a ma'ana, ko ya tsallake kalmar EXCEPT da ke juya tambayar baki ɗaya. Akwai na gaggawa, inda aka san amsa amma aka zaɓi wata. Sai kuma na ƙurewar lokaci, wato tambayoyin da ba a kai gare su ba. Kuskuren farko maganinsa komawa ga littafi da manhajar JAMB. Na biyu karatun tambaya a tsanake. Na uku da na huɗu kuwa horo ne a kan agogo.

Mataki na uku shi ne buɗe littafin kurakurai. A cikinsa ɗalibi zai rubuta tambayar, da amsar da ya zaɓa, da dalilin da ya sa ya zaɓe ta, da amsar da ta dace tare da hujjarta cikin kalmominsa. Bayan gwaji uku ko huɗu, littafin da kansa zai nuna babin da ke ba shi wahala.

Mataki na huɗu shi ne komawa ga tambayoyin bayan 'yan kwanaki, a rufe amsa a sake gwadawa. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Haka kuma binciken Roediger da Karpicke na 2006 a Amurka ya nuna cewa ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka maimaita karantawa kawai. Almajirin da ke biya allonsa da ka kafin ya wanke ya daɗe da sanin wannan.

Ra'ayin Masu Saɓani

Wasu na ganin yawan amsa tambayoyi ya fi, domin a cewarsu tambayoyin kan maimaita kansu. Abin da ya fi maimaituwa shi ne batutuwan manhaja, kuma wanda ya haddace cewa amsa ita ce C zai ruɗe da zarar an sauya lafazin tambaya ko jerin zaɓin. Bugu da ƙari, akan sauya littattafan adabin da aka wajabta, kuma ba duk amsar da ke bayan littafin kasuwa ce daidai ba. Ɗalibin da ke neman hujjar kowace amsa ne kaɗai zai gano haka. Gwaji biyar da aka bi diddigi sun fi ashirin da aka ƙirga makinsu aka ajiye.

Wasu malamai kuma kan kawo uzurin cunkoson aji. Uzurin gaskiya ne, amma akwai mafita. Malami na iya tattara tambayoyi goma da mafi yawan ajin suka faɗi ya warware su a allo, ya bar sauran ga rukunoni na yara biyar-biyar, kowa ya bayyana wa 'yan'uwansa hujjarsa. Ya kuma ƙarfafa wa yaran da ba su saba da kwamfuta ba gwiwar shiga gwajin da JAMB ta fara shiryawa tun 2017, domin kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da yaro daga ƙauyukan Hunkuyi zai taɓa madannai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Iyaye a waɗannan yankuna kan sayar da rake ko hatsi su biya kuɗin rajista da na mota zuwa cibiyar jarrabawa, kuma faɗuwa na nufin jiran shekara guda da sake biya. Saboda haka ya kamata malami ya daina tambayar ɗalibi maki nawa ya samu kawai, ya riƙa tambayarsa waɗanne ya faɗi, kuma me ya sa. Ɗalibin da ya iya amsa wannan tambaya ta biyu ya san abin da zai karanta gobe.