Kyamara Uku a Baya, Ɗaya Ke Gani

Yau ƙorafina a kanmu yake, domin mu ne alhazai da dattawan Hindawiyya ke riƙe wa hannu su ce, "Malam, kai da ka yi karatu, zo ka zaɓa mini waya." Sai mu shiga shago mu karanta abin da ke jikin kwali kamar karatun allo, mu ce Baba wannan ta yi.

Haka na yi wa wani dattijo ɗan garinmu. Na zaɓa masa waya ta riyal 400 saboda an rubuta RAM 8GB, ga kuma ramuka uku na kyamara a bayanta. Da muka je Madina zai buɗe manhajar Nusuk ya nuna izininsa na shiga Rauda, sai wayar ta tsaya cak, layi na tafiya, shi yana ta danna allo. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

To ina takwas ɗin ta tafi? Ku duba ƙananan rubutun, za ku ga 4+4. Huɗu ce RAM ta gaskiya, wato farantin da waya ke ɗora aikin da take yi a lokacin. Sauran huɗun aro ce daga ma'ajiya, inda hotuna ke kwana, kuma ma'ajiyar wayoyin araha ba ta kusa da saurin RAM. Tamkar mai shayi ne da teburinsa ya cika, sai ya riƙa ajiye kofuna a cikin ɗaki yana kai-komo, sannan ya ce teburinsa ya ninka. Wadda ke da 2GB kuwa, galibi Android Go ke cikinta, wanda aka rage wa nauyi domin ƙananan wayoyi. WhatsApp da kira za ta yi, amma kada ka haɗa mata Nusuk da Absher da taswira lokaci guda.

Kyamarorin ma haka. A yawancin irin waɗannan wayoyi ɗaya ce ke ɗaukar hoto. Ta biyu 'yar 2MP ce mai auna nisa, ta uku wani lokaci fitila ce aka yi wa zobe don ta yi kama da ta masu kuɗi.

Wani zai ce ai talaka ba shi da zaɓi. Ban yarda ba. Ba ina zagin waya mai araha ba ne. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, su suka sa iyayenmu a Kano da Maraɗi ke ganin fuskokinmu a bidiyo. Da kuɗin nan dai akwai mai kyau akwai mai kwalliya, mu ne muke ɗauko mai kwalliya.

Nan Makka ce. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51, kuma waya idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, ta dusashe hasken allo, batirinta kuma ya riƙa tsufa da wuri. Saboda haka ka fito da wayar bakin shago ka ga ko ana iya karanta allon a rana. Batir 5000mAh alheri ne ga mai yini a Arfa, amma ka tambayi cajar: idan 10W ce, sai ta ci kusan awa 3 kafin ta cika, a tantin Mina da mutum goma ke jiran soket ɗaya. Mazaunin da ke son biyan kuɗi da waya ta hanyar mada, ya tabbatar akwai NFC, don da yawansu babu.

Shi Baba, da muka dawo Hindawiyya na mayar da wayar, mai shago ya ce an riga an yage ledar kwali. Na cika riyal 150 daga alawus ɗina na saya masa wata mai kyamara ɗaya da RAM 6GB ta gaskiya. Ya juya bayanta ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ai ido ɗaya gare ta."