Hawan Jinin Ido: Daga Ushafa Zuwa Ikko, Jinkiri Ne Ke Makantarwa

Jama'a, binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutane ɗari da suka kai shekara 40, wajen biyar na da hawan jinin ido, wato gilakoma. Bayan yanar ido, ita ce ta fi makantar da mu. Yana ana cire ta a sake gani, amma abin da gilakoma ta ci ba ya dawowa.

Akwai wani irinta mai zuwa farat ɗaya. Cikin ido akwai ruwa mai gudana kullum, yana fita ta wata 'yar kusurwa. In ta toshe, sai ruwan ya taru ya matse jijiyar gani. Mutanen Ushafa, da ke zaune kusa da madatsar ruwan Usuma, sun san abin da ruwa kan yi in ya rasa mafita.

Waɗanda aka haifa da ƙaramar ƙwayar ido suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Tsawon ƙwayar babban mutum wajen milimita 23 ne, tasu kuwa takan gaza 20, komai a cunkushe. Akasari za ka gan su da tabarau mai kauri tun suna yara. Aiki a irin wannan ido sai gwani, domin ruwa kan taru a bayansa ya ɗaga tantanin gani.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ido ja, ciwon kai mai tsanani, amai, da ganin bakan gizo kewaye da fitila. To, a nan ake yin asara. Wani ya ce apolo ne, wani ya ce zazzaɓi, a ruga kemis, a ɗiga wannan a shafa wancan. Kwana kaɗan ya isa ido ya mutu.

Ushafa ta yi suna da tukwane har Shugaba Clinton na Amurka ya ziyarce ta a 2000. A ganinmu, hukumar Abuja ta fi kyautata wa irin waɗannan ƙauyuka in ta koya wa ma'aikatan shan magani gane wannan ciwo, su tura mai shi asibitin koyarwa na Gwagwalada a ranar.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Badun, asibitocin koyarwa na Ikko da Badun suna kusa da ku. In an gano ciwon ga mutum ɗaya, a aika gida a auna 'yan'uwansa na jini, don yakan bi dangi.