MOTAR DA KE TAKA BURKI DA KANTA

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani al'amari da ya dami masu motoci a ƙasar Amurka da waɗansu ƙasashe, wanda kuma ya fara kusantar ƙofar gidajenmu. Tun da aka ƙera mota, tsoron kowane direba shi ne ya taka burki, burki ya ƙi kamawa. Yanzu kuwa ga wani sabon tsoro ya zo: mota tana cikin gudu a kan hanya sarai, ba mutum, ba dabba, ba rami, sai kawai ta kama burki da kanta, alhali ƙafar direba ba ta ko kusa da wurin. Amurkawa sun laƙaba wa abin wani suna wanda ma'anarsa da Hausa ita ce "burkin fatalwa", watau motar ta tsorata da abin da babu shi.

Kafin mu ga yadda haka ke faruwa, ya kamata mu san cewa sababbin motoci, musamman masu aiki da lantarki, suna da na'urori iri biyu da ke iya rage gudu ba da umarnin direba ba. Ta fari ita ce burkin gaggawa. Aikinta shi ne ta lura da abin da ke gaba, in ta ga za a yi karo kuma direba bai farga ba, sai ta yi ƙara ta gargaɗe shi, in bai motsa ba ta taka burkin da kanta. Ta biyu ita ce mai riƙe gudu. Direba yakan sa mata iyaka, misali kilomita 100 cikin awa ɗaya, ya ɗauke ƙafarsa daga totur, ita kuwa ta riƙa tafiya haka, tana ragewa in motar gaba ta rage, tana ƙarawa in hanya ta buɗe. A waɗansu motocin har sitiyari takan riƙe domin motar ta zauna a tsakiyar layinta. Kamfanin Tesla ya sa wa tasa suna Autopilot.

To, da me mota take gani? Tana da idanu iri biyu. Akwai kamara, wadda yawanci akan liƙa a saman gilashin gaba, bayan madubin direba. Akwai kuma rada, wadda akan ɓoye a gaban mota, tana aika igiyar rediyo, igiyar ta bugi abin da ke gaba ta komo, daga nan a san nisan abin da kuma gudunsa. Kowace tana da rauninta. Rada ta iya auna nisa ƙwarai, ko da dare ko cikin hazo, amma ba ta iya rarrabe siffa sosai. Gadar ƙarfe da ke sama, ko babban allo a bakin hanya, ko ƙarfen titin jirgin ƙasa, duk za ta iya ɗaukarsu kamar mota ce tsaye. Kamara kuwa ta iya gane siffa, amma hasken rana na kashe mata ido, inuwar gada a kan kwalta na iya yi mata kama da bango, tirela mai tahowa a ɗaya hannun kuma, in ta ɓullo daga kwana ko daga kan tudu, takan yi kamar a layinka take. Kwamfutar motar ce ke karɓar waɗannan labarai, ta yanke shawara cikin ƙiftawar ido.

Masu ƙera motoci suna tsakanin wuta biyu a nan. In suka sa na'urar ta zama mai saurin tsoro, za ta riƙa tsayawa saboda inuwa. In suka sa ta zama mai taurin zuciya, wata rana za ta wuce ta kan yaron da ya tsallaka hanya tana tsammani inuwa ce. Kamar maigadi ne: wanda ke busa usur a kan kowane motsin ganye zai hana unguwa barci, wanda kuma ya saba yin biris da motsi, ɓarawo zai wuce ta gabansa.

Ga abin da ya faru a Amurka. A watan Mayu na 2021 kamfanin Tesla ya daina sa rada a motocinsa ƙirar Model 3 da Model Y da ake sayarwa a Amurka ta Arewa, ya ce kamara kaɗai ta isa. A watan Oktoba na shekarar kuma, kamfanin ya aika wa waɗansu motoci sabon tsarin kwamfuta ta intanet, kamar yadda ake sabunta wayar hannu. Washegari sai masu motocin suka fara kuka cewa motocinsu na yin gargaɗin ƙarya, suna taka burki ba dalili. Cikin kwana biyu kamfanin ya aika gyara, aka kuma rubuta abin a hukumance a matsayin kiran gyara na motoci 11,704. Ku lura da wannan, gama sabon abu ne a tarihin mota: mutum ya kwanta da mota mai hali ɗaya, ya wayi gari halinta ya sāke, ba makanikin da ya taɓa ta.

Kuka bai tsaya nan ba. A watan Fabrairu na 2022 hukumar kiyaye haɗura a kan hanyoyi ta Amurka, wadda ake kira NHTSA, ta buɗe bincike a kan motocin Tesla wajen 416,000, ƙirar Model 3 da Model Y na 2021 da 2022, bayan ta karɓi ƙararraki 354 cikin wata tara. Kafin tsakiyar shekarar, ƙararrakin sun kai 758. Abin da masu ƙara suka riƙa faɗa kusan iri ɗaya ne: suna tafiya da gudun babbar hanya, na'urar taimako tana aiki, sai motar ta rage gudu farat ɗaya, ba gargaɗi, wani lokaci sau da yawa cikin tafiya guda.

Ran 24 ga Nuwamba, 2022, a kan babbar gadar da ta haɗa birnin San Faransisko da Okland, wata Tesla ƙirar Model S ta koma layin hagu a cikin ramin da hanyar ke bi, ta rage gudu ƙwarai. Motocin da ke baya suka yi ta afka wa juna, har mota takwas suka shiga haɗarin, mutum tara suka ji rauni, cikinsu har da yaro ɗan shekara biyu. Direban ya gaya wa 'yan sanda cewa motar ce ta yi burki da kanta, daga baya kuma bayanan da gwamnati ta fitar suka nuna na'urar taimako tana aiki a lokacin. Ba a rasa rai ba. Amma ku dubi waɗanda abin ya shafa: yawancinsu mutane ne da ke cikin motocin baya, waɗanda ba su sayi na'urar ba, ba su kuma san tana aiki a gabansu ba.

Kada mu ɗora wa kamfani ɗaya laifin duka, kada kuma mu ce cutar motar lantarki ce kaɗai. A 2019 hukumar nan ta binciki motocin Nissan Rogue fiye da 550,000 masu shan fetur, domin suna kama burki a wurin tsallaka titin jirgin ƙasa da gadoji. A watan Fabrairu na 2022 ta buɗe bincike a kan motocin Honda Accord da CR-V wajen miliyan 1.7 saboda irin wannan kuka. A 2024 ta binciki motar lantarki ta Fisker Ocean a kan haka. Abin da ya sa aka fi jin sunan motocin lantarki shi ne, su ne aka fi cika wa irin waɗannan na'urori, masu su kuma sun fi sakar musu ragama.

Akwai kuma wani hali da motar lantarki take da shi wanda ya kamata mai bin ta a baya ya sani. In direba ya ɗauke ƙafa daga totur, injin lantarkin yakan juye ya zama kamar janareta, yana mai da ƙarfin gudun motar wuta, yana zuba ta cikin batir. Wannan yana jan motar baya ƙwarai, har waɗansu direbobi sukan yini suna tuƙi da ƙafa ɗaya, ba su taɓa burki ba sai nadiran. Dabara ce mai kyau, tana ƙara wa batir nisan tafiya. Amma a 2023 aka gano cewa a waɗansu motoci, irin su Hyundai Ioniq 5, motar na iya rage gudu sosai ta wannan hanya jar fitilar baya ba ta kama ba, sai da kamfanin ya gyara tsarin kwamfutarsu. Mu da muka saba jiran jar fitila kafin mu taka burki, wannan darasi ne gare mu.

Wani zai ce, to a cire na'urar mana, kowa ya huta. A nan sai mu yi adalci. Wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a Amurka, mai suna IIHS, ta gano cewa burkin gaggawa yana rage yawan karon da mota ke yi wa ta gabanta da kusan rabi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta shi a kan kowace sabuwar mota tun watan Yuli na 2024. A shekarar 2024 hukumar Amurka ita ma ta kafa dokar wajabta shi, tana lissafin zai ceci rai 360 a shekara, ya kuma hana raunuka 24,000. Na'urar da ke yin kuskure jefi-jefi, ita ce dai ke tsayar da mota sa'ad da direba ya juya yana tsawata wa yara a kujerar baya. Ba a yar da fitila don wata rana ta yi hayaƙi. Gyara lagwaninta ake yi.

Ina ruwanmu da abin da ke faruwa a San Faransisko? Ruwanmu shi ne, motocin hannu da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, da yawansu daga Amurka suke, waɗanda aka ƙera a 'yan shekarun nan kuwa galibi suna da kamara ko rada ko duka biyu, ko da masu shan fetur ne. Waɗansu ma motocin haɗari ne da aka saya a gwanjo, aka kawo aka yi musu gyaran jiki. In aka sāke gilashin gaba ko aka buge bamba aka miƙe, idon motar na iya karkacewa kaɗan, sai an daidaita shi da na'ura ta musamman. Ido mai kallon gefe kuwa zai ga motar ɗaya hannun kamar tana gabansa. Ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashi, ga hanyoyi marasa layin fenti, ga 'yan acaba da masu Keke da ke kutsawa ta kowane gefe, ga shanu a bakin kwalta. Ba a irin waɗannan hanyoyi aka horar da na'urorin ba.

Saboda haka ga shawararmu ga mai irin wannan mota. Ya karanta littafin da ya zo da ita, ko ya sa ɗansa ya nemo masa a intanet, ya san waɗanne na'urori ke ciki da yadda ake kunna su da kashe su. Ya riƙa share gilashin gaba daidai wurin kamara, da gaban motar inda rada take, kada kuma ya liƙa takarda ko ya ɗaura ƙarfen kariya a wurin. Mai riƙe gudu kuwa, a bar ta sai a kan babbar hanya mai raba hannu biyu. A hanya mai layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, inda tireloli ke tahowa gaba da gaba, direba ya yi tuƙinsa da kansa. In yana amfani da ita, hannu biyu a sitiyari, ƙafar dama kuma kusa da totur, gama a yawancin motoci taka totur yana soke burkin da na'ura ta kama. Amma sai ya tabbata da idonsa cewa hanyar sarai take kafin ya taka, domin mai yiwuwa ne motar ta ga abin da shi bai gani ba. Burkin gaggawa dai a bar shi a kunne. In yana yawan kamawa ba dalili, a kai motar wurin makanikin da ke da kwamfutar dubawa, kada a ce wa yaron gareji ya cire waya.

Ga sauranmu kuma, masu tsofaffin motoci da babura da masu shiga motar haya, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Kilomita 100 mita 100,000 ke nan, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600 ce. In muka raba, za mu ga mota mai gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta kai kan burki, mutum yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, watau mita 28 zuwa 42 sun wuce tun burki bai fara aiki ba. To, wanda ya manne wa motar gaba da ratar mita 10, ina zai tsaya? Dā mukan dubi hanya ta saman motar gaba, in mun ga ba kome sai mu sake jiki, muna cewa ba abin da zai sa ya tsaya. Wannan lissafi ya daina aiki, tun da yake yanzu mota na iya tsayawa saboda inuwa.

Maganin mai sauƙi ne, ba ya cin ko kwabo. Ka zaɓi wata alama a bakin hanya, itace ko turken waya. Da motar gaba ta wuce ta, ka fara ƙirga: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ka kai alamar kafin ka gama, ka matsa da yawa, sai ka ja baya. In ana ruwa ko hazo, ko motarka ta yi lodi, ka ninka. Kowa a cikin mota kuma ya ɗaura bel, har da na baya, kada uwa ta riƙe jariri a cinya a kujerar gaba, gama burkin da ya zo ba zato ba ya ba hannu lokacin riƙewa. Uwargida, in maigida ya manne wa wata mota, ki yi masa magana da hankali. Fasinja, in direban haya ya yi haka, kuɗinka ka biya, kana da bakin faɗa. Iyaye masu koya wa samari tuƙi, ku koya musu ƙirgan nan tun ranar fari, tare da kulob da giya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Daƙiƙa uku ba za su sa kowa ya makara zuwa biki ko kasuwa ba. Allah ya kiyaye hanya, sai wata mai zuwa.