Girgizar Ƙasa: Su Wa Ke Laɓewa Bayan Ƙaddara?

Duk sanda ƙasa ta girgiza benaye suka danne bayin Allah, sai mahukunta su fito da fuskar tausayi suna cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. To amma a tsaya a yi lissafi.

A watan Janairun 2010 girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta auka wa Haiti, gwamnatin ƙasar ta ce sama da mutum 200,000 suka halaka. Ko wata biyu ba a yi ba, wata mai maki 8.8 ta bugi Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500. Mutum nawa suka mutu? Ɗari biyar da 'yan kai!

Wani zai ce ai ta Haiti ba ta da zurfi, kuma a gindin babban birnin ƙasar ta tashi, ta Chile kuwa daga ƙarƙashin teku ta taso. Gaskiya ne, girgiza suna ta tara. Sai dai mutanen Chile sun ɗanɗani ta 1960 mai maki 9.5, wadda ba a taɓa auna kamarta ba, suka tsaurara dokar gini, suka kuma bi ta. A Japan ɗan firamare ma ya san ya shige ƙarƙashin tebur, wayoyi suna yin ƙara daƙiƙu kaɗan kafin girgiza ta iso. A Haiti fa? Bulo ba isasshen siminti, rodi ƙalilan, babu mai dubawa.

Abin da ya fi ciwo shi ne na 'yan'uwanmu Musulmin Turkiyya. Bayan girgizar Izmit ta 1999 ta ci mutum sama da 17,000, sai aka ɗora wa jama'a harajin girgizar ƙasa, suka yi ta biya. A 2018, gab da zaɓe, gwamnati ta yi wa gine-ginen da suka saɓa doka afuwa: biya kuɗi, a halatta maka. Ranar 6 ga Fabrairun 2023, kafin asuba, mutane na barci, mai maki 7.8 ta zo. Sama da mutum 50,000 a Turkiyya kaɗai. Inna lillahi! Da Shugaba Erdogan ya je jaje, sai ya danganta abin da ƙaddara. Alhali a lardin Hatay da ya fi shan ɓarna akwai garin Erzin, inda ko gini ɗaya bai rushe ba. Ƙasar wurin tana da tauri, haka ne, amma shugaban garin ya ce ya ƙi yarda da ginin da ya saɓa ƙa'ida.

Sayyidina Umar (RA) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa. Shin Erdogan ya fi shi sanin ƙaddara ne?

An kama 'yan kwangila da dama, har da wanda aka damƙe a filin jirgin sama na Istanbul zai tsere. Waɗanda suka sa hannu a dokar afuwar fa, wa ya kama su?